Tambaya da Amsa: Bargo, Ɓargo da Maganar Rufa a Bakin Bahaushe

Tun da hunturu ya kama, wasiƙun da suke zuwa wannan fili suka karkata ga sanyi da kayan sanyi. Na ware huɗu daga cikinsu waɗanda suka haɗu a kan kalma ɗaya, wato bargo.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya. Abokina ya turo mini saƙo ta waya cewa "sanyin bana ya shiga har cikin bargona". Na ce masa ya yi kuskuren rubutu, shi kuma ya dage cewa daidai ne, tunda da asuba sanyi yakan ratsa bargon da ya rufa da shi. Wane ne yake da gaskiya a cikinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Jimlar abokinka ba ta karya ƙa'idar nahawu ba, domin sanyi yana iya ratsa bargo, musamman idan bargon ya kwana biyu. Sai dai maganar da Hausawa suka saba yi, wadda nake kyautata zaton ita ce a ransa lokacin da yake rubutun, da ɓargo ake yin ta. Bargo shi ne abin rufa mai kauri, jam'insa barguna. Ɓargo kuwa shi ne abin nan mai taushi da maiƙo da yake cikin ƙashi, wanda za ka ga mai shan farfesu ya ɗauki ƙashin yana bugawa a gefen kwano, in ya ƙi fitowa ya kai baki ya zuƙe. Idan an ce sanyi ya shiga har ɓargo, ana nufin ya wuce fata, ya wuce tsoka, ya keta ƙashi, ya isa inda babu gaba. Shi ya sa ba sanyi kaɗai ake faɗa wa haka ba. Ana cewa magana ta shige shi har ɓargo, ana cewa tana son ɗanta har cikin ɓargo, haka ma tsoro da ƙiyayya. Bargo shi ne na can waje da jiki, ɓargo shi ne na can ciki, kuma ɗan lanƙwasan da yake kan harafin farko shi kaɗai ya raba su a rubuce.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu ne. Likitoci suna bayanin cewa a cikin ɓargo ake ƙera ƙwayoyin jini, kuma dashen ɓargo yana cikin hanyoyin da ake bi wajen warkar da cutar sikila, wadda ta addabi gidaje da yawa a ƙasarmu. Takardar wayar da kai da za ta fito da rubutun "dashen bargo" ta rikita wanda aka rubuta dominsa ke nan. Haruffan nan masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, kuma ba don ado aka kawo su ba. Su ne suke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari. A da ana iya kafa hujja da cewa keken rubutu ba shi da su, amma yanzu yawancin wayoyi suna karɓar allon rubutu na Hausa. Ka nuna wa abokinka yadda ake sa shi. Akwai kuma ta uku da takan shiga cikin ruɗanin, wato barga, wurin ɗaure dawaki, wadda ba ta da alaƙa da rufa ko kaɗan.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ban daɗe da fara aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo a Kaduna ba. Na ci karo da kalmar Ingilishi ta "blanket" an jingina ta da dokar hana wani abu, sai na rubuta "haramcin bargo". Babbanmu a ofis ya soke, ya ce ba Hausa ba ce. Na duba ƙamus na ga ma'anar kalmar bargo ce. Ina kuskurena yake, kuma me ya kamata in rubuta?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Babbanku ya yi daidai, ƙamus ma bai yi maka ƙarya ba. Ƙamus ya ba ka ma'anar farko, ita kuwa kalmar ta daɗe da yin rassa a harshen masu ita, kuma reshen da ka ci karo da shi bai tsiro a jikin bargon Hausa ba.

Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, wajen shekara ta 1300, daga kalmar da take nufin fari, domin sunan wani farin yadin ulu ne da ba a rina ba. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa sunan wani masaƙi ne na birnin Bristol mai suna Thomas Blanket, wanda ya yi zamani a ƙarni na 14, amma kalmar ta riga sana'arsa. Daga sunan yadi ta koma sunan abin rufa a gado. Ingila ƙasa ce mai sanyi da damshi, bargo yana kan gadon mutum kusan duk shekara, don haka ba abin mamaki ba ne ya zama abin da suka fi kai hannu gare shi idan za su yi kwatance.

Reshe na farko shi ne duk wani abu mai kauri da ya kwanta a kan wani abu ya rufe shi ruf. Suna faɗin haka ga dusar ƙanƙara a kan gonaki, da hayaƙi a kan birni, da hazo. Mu ma muna da wannan hoton, amma a jikin aikatau muke rataya shi, ba a jikin suna ba. Idan ƙurar nan da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta sauka a Kano har jirage suka kasa tashi, Bahaushe cewa zai yi hazo ya lulluɓe gari, ko ƙura ta turnuƙe, ko gari ya rufe ba a ganin gaba. Ba za ka ji ya ce bargon hazo ya sauka ba. In kana son ambaton bargon dole, sai ka sa "kamar". Misali, masana yanayi suna kwatanta iskar da hayaƙin mai da kwal yake tarawa a sama da bargo, domin tana barin zafin rana ya shigo, tana hana wani sashensa komawa. A nan idan ka ce iskar tana riƙe ɗumi kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin mai barci, manomin da yake sauraronka a ƙauye zai gane nan take. Kwatance da "kamar" yana wucewa daga harshe zuwa harshe cikin sauƙi. Abin da ba ya wucewa shi ne a ɗauko kalmomi biyu da suka manne a wani harshe a manna su haka a namu.

Reshe na biyu shi ne wanda ya kama ka. Tunda bargo ba ya zaɓar inda zai rufe, sai suka mai da kalmar siffa ga duk hukunci, ko doka, ko magana, da ta haɗa kowa da kowa ba tare da tantancewa ba. Hausa tana da nata, kuma a ganina ya fi nasu kaifi: kuɗin goro. A fahimtata hoton daga cinikin goro ya fito, inda ake yanka wa tuli farashi ɗaya, babba da ƙarami duk a ciki. Idan aka ce an yi musu kuɗin goro, an haɗa mai laifi da marar laifi ke nan an auna su da mudu ɗaya. Ka tuna watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, lokacin da gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a kan babur. Waɗanda suke amfani da babur wajen ta'asa 'yan ƙalilan ne, amma dokar ta hau kan dubban 'yan acaɓa masu neman abincin iyalinsu. Haka kuma katse layukan waya da aka yi a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda 'yan bindiga, wanda ya shafi ɗan kasuwa da mai jinya da ɗalibi. Irin waɗannan su ne abin da takardar da ke gabanka take nufi.

Sai dai a kula, kuɗin goro ba ta shiga ko'ina, domin akwai ƙorafi a cikinta. Duk wanda ya ce an yi kuɗin goro yana nuna an zalunci wani. Kai kuwa mai karanta labarai ne, ba naka ba ne ka yanke hukunci a kan dokar. Saboda haka idan labarin bai ɗauki ɓangare ba, rubuta "dokar hani ta bai-ɗaya", ko "haramcin da ya shafi kowa da kowa", ka bar kuɗin goro a bakin wanda yake kuka da dokar idan ka zo kawo maganarsa. Idan kuma abin alheri ne, kamar afuwar da Janar Yakubu Gowon ya shelanta a ƙarshen yaƙin basasa a watan Janairu na 1970, ko wadda Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi wa masu ɗauke da makamai na yankin Neja Delta a 2009, "afuwar gama-gari" ita ta dace. In kuwa kame ne ko harbi da aka yi ba tare da duban wanda zai faɗa wa ba, muna da kan mai uwa da wabi, muna da ba sani ba sabo. Kalma ɗaya ce a Ingilishi, mu kuwa muna da huɗu ko biyar, kowace da wurin zamanta, kuma zaɓar wadda ta dace shi ne ainihin aikin da aka ɗauke ka ka yi.

Tunda za ka ci gaba da haɗuwa da kalmar, ga wasu wuraren. Masu Ingilishi suna kiran mutum "jiƙaƙƙen bargo" idan ya shigo cikin masu murna ya kashe musu ita, daga yadda ake jiƙa bargo a danne wuta da shi ta mutu. Mu sai mu ce ya rage wa taro armashi, ko ya sanyaya wa mutane gwiwa. Suna da wata tsohuwar magana ta sakayawa, cewa an haifi wane ta baibai ɗin bargo, wato ba ta hanyar aure ba; tamu ita ce ɗan gaba da Fatiha, kuma da tasu da tamu ina roƙonka ka kauce musu a rediyo, domin yaron da ake jifa da su ba shi ya aikata komai ba. Suna kuma kiran duk abin da mutum yake riƙewa don ya sami natsuwa da bargon kwanciyar hankali, daga ɗabi'ar yaran da ba sa barci sai da wani tsumma da suka saba da shi. A nan madogara ko abin jingina ya wadatar. Wani lokaci kuma bargon na gaske ne, tarihi ne ya ba shi nauyi. A shekarar 1976 fursunonin da suke fafutukar raba Ayalan ta Arewa da Birtaniya, a kurkukun Maze, suka ƙi sa kayan fursuna domin suna ganin kansu fursunonin siyasa ne, suka zauna lulluɓe da barguna tsawon shekaru, har abin ya zama sunan boren nasu. Irin wannan idan ya zo maka ba musanya kalma za ka yi ba, jimla guda za ka ƙara ka bayyana wa mai sauraro abin da ya faru.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Maraɗi. Shin mu Hausawa muna da adon magana da bargo kuwa? Abin da na fi ji shi ne samari suna cewa lokacin neman "bargo mai numfashi" ya yi, suna nufin mata. Wannan magana ta dace?

Amsa: Malama, ina gaisuwa. Adon maganarmu da bargo kaɗan ne. Za a ce wane ya ja bargo, ana nufin ya koma barci ya bar aiki, ko an kira shi ga wata hidima ya yi biris. Masu rubutun hikaya sukan ce baƙin ciki ya lulluɓe ta kamar bargo. Bayan waɗannan sai irin wadda kika kawo. Dalili a ganina a fili yake: ɗarinmu na wata biyu ne zuwa uku, daga nan a wanke bargo a shanya, a ninke a sa a ƙasan akwati sai baɗi. Abin da ba ya hannun mutum kullum ba ya yawan zuwa bakinsa. Ki dubi kayan da muke tare da su dare da rana ki ga yadda harshe ya ɗora musu kaya. An kwance masa zani a kasuwa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ta yaye mayafin kunya. Ko kariyar da tsarin mulkin Nijeriya ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni daga gurfana a kotu muddin suna kan mulki, da riga muka kira ta, muka ce rigar kariya.

Amma tunanin da yake ƙarƙashin bargo, wato rufa, yana cikin mafi zurfin abin da Hausa ta mallaka. Ki saurari tsohuwa idan an kai mata ɗan abin hasafi, addu'ar da za ta fara ita ce Allah ya rufa asiri. Idan an ce wane mai rufin asiri ne, ba attajiri ake nufi ba, ana nufin mutumin da yake ci, ya ciyar da iyalinsa, ya fita da wankakkiyar riga, ba wanda ya san kwanan da aka yi ba a ɗora tukunya ba. Aikatau ɗin nan dai, idan aka ninka shi aka ce rufa-rufa, sai ya juye ya zama ɓoye rashin gaskiya, abin da ake jira a bankaɗo. Ita kuma sutura, wadda muka aro daga Larabci, tana ɗauke da tufafin mai rai, tana kuma ɗauke da hidimar ƙarshe da ake yi wa mamaci, shi ya sa ake cewa an yi masa sutura.

Addini ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi a zukatanmu. Surori biyu a jere, ta 73 da ta 74, Muzzammil da Muddassir, sun buɗe da kiran Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da siffar wanda ya lulluɓa da mayafi, kuma kowane ɗalibin Sira ya san yadda ya komo gida daga kogon Hira yana ce wa Nana Khadija a lulluɓe shi. Larabawa suna bambanta tufar da take taɓa fata da wadda ake yafawa a kanta, kuma da wannan bambanci Annabi ya yabi mutanen Madina bayan yaƙin Hunaini, ya ce su ne tufar ciki, sauran mutane mayafin waje. Ga kuma Mus'abu ɗan Umairu, wanda ya tashi cikin gata a Makka, ya yi shahada a Uhudu, ba a sami abin yi masa sutura ba sai mayafi guda gajere, in an rufe kansa ƙafafu su fito, in an rufe ƙafafu kai ya fito, har aka yi umarni a rufe kan, a sa ciyawa a ƙafafun.

Da wannan nake auna maganar samarin. Na san raha ce ta tsakanin sa'o'i, kuma galibi ba da mugun nufi ake yin ta ba. Duk da haka ba na son ta. Ta mai da mace kayan biyan buƙatar wani lokaci, kuma bargo, kamar yadda na faɗa, abu ne da ake ajiyewa idan zafi ya shigo. Alƙur'ani ma ya kwatanta ma'aurata da abin rufa, a aya ta 187 ta Suratul Baƙara, amma ta ɓangare biyu ya yi: su tufa ne a gare ku, ku ma tufa ne a gare su. Idan ɗalibanki maza suka kawo maganar a aji, ki tambaye su wa zai zama bargon wa, ki bar su su yi ta muhawara a kai. A gaban iyaye da surukai kuwa ba maganar yi ba ce.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a zangon Kumasi. Na ce wa jikana ya miƙo mini gwado, ya tsaya yana kallona. Shin gwado da bargo ba abu ɗaya ba ne?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Aikinsu ɗaya, amma ba abu ɗaya ba ne. Gwado saƙar hannu ce ta auduga, da zare mai kauri irin abawa, ana saƙa shi falle-falle a masaƙa sannan a haɗa a ɗinke. Sabonsa yana da ɗan kaushi da nauyi, sai ya sha wanki yake laushi, kuma yakan yi shekaru har a gada. Ɗan'uwansa shi ne luru, mai faɗi da ratsi-ratsi. Bargo kuwa a bakin mutanen yau ya fi komawa ga na kamfani, mai gashi-gashi, wanda ake sayarwa cikin jakar leda mai zif a Kantin Kwari, ko wanda 'yan gwanjo suke kwance dilarsa a Ƙofar Wambai da zarar iska ta fara kaɗawa. Maƙwabtanmu Fulanin Masina, a yankin Mopti na ƙasar Mali, suna da nasu na gashin tumaki da suke kira kasa, wanda fatake suka daɗe suna kaiwa har nan ƙasar Asante inda kuke. A Lesoto kuma, can kudancin Afirka inda ake dusar ƙanƙara a kan duwatsu, bargo tufar fita ce ta girma, ana yafa shi a maƙale da babban fil a je taro da shi.

Jikanka bai san gwado ba ne saboda bai taɓa kwana da shi ba. Idan wani zai zo daga Kano, ka ba shi saƙo ya shiga kasuwar Kurmi wurin masu kayan saƙi ya tambaya da sunansa, gwado, kada ya ce bargo. In an kawo, ka ba yaron ya rufa da shi.